Abubuwan da ke Kwaɗaitar da Ɗaliban Sakandare ga Darussan Kimiyya da Fasaha: Darasi daga Makarantun Kimiyya na Jihar Kano

1.0 Gabatarwa

A duk shekara, ɗaliban da suka kammala aji uku na ƙaramar sakandare a Nijeriya sukan tarar da hanya ta rabu a gabansu. Wasu su nufi ajin kimiyya, wasu ajin adabi da zamantakewa, wasu kuma ajin kasuwanci. Yaron da ke yin wannan zaɓi bai fi shekara goma sha huɗu ko sha biyar ba, amma abin da ya zaɓa shi ne zai buɗe masa wasu ƙofofi, ya kuma rufe masa wasu har ƙarshen karatunsa. Alal misali, wanda bai karanta fizis da kemistiri a babbar sakandare ba, ba shi da damar neman karatun likita ko injiniya a jami'a, domin Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana bukatar waɗannan darussa daga mai neman ɗayan fannonin biyu.

Wannan maƙala za ta duba abubuwan da kan ja hankalin ɗalibi zuwa ga kimiyya da fasaha, ta hanyar ɗora bayanan masana halayyar ɗan Adam a kan wani misali na gida, watau makarantun sakandare na kimiyya da Jihar Kano ta fara kafawa a 1977. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, kwaɗayin aiki da daraja yakan kai ɗalibi bakin ƙofar kimiyya, amma fahimtar darasi da amincewar da ya yi da kansa su ne ke zaunar da shi a ciki. Waɗannan biyun kuwa makaranta ce ke gina su.

2.0 Ma'anar Kwaɗayin Koyo da Rabe-rabensa

Abin da ake nufi da kwaɗayin koyo a nan shi ne dalilin da ke sa ɗalibi ya zaɓi wani darasi, ya ba shi lokacinsa, ya kuma jure wahalarsa. Masana sun kasa shi gida biyu. Akwai kwaɗayi na ciki, wanda ɗalibi ke yin abu saboda daɗin da yake ji a cikin yinsa, kamar yaron da ke kwance tsohuwar rediyo don ya ga abin da ke magana a ciki. Akwai kuma kwaɗayi na waje, wanda ake yin abu don wata lada da za ta biyo baya, ko albashi, ko yabo, ko gudun faɗan iyaye.

Edward Deci na ƙasar Amurka ya yi wani gwaji da ya wallafa a 1971, inda ya ba ɗaliban jami'a wani wasa na wasa ƙwaƙwalwa. Ya biya wasunsu kuɗi, wasu kuma bai biya su ba. Da aka daina biya, sai waɗanda suka saba karɓar kuɗi suka rage taɓa wasan a lokacin hutunsu. Wannan ya nuna cewa lada ta waje tana iya raunana sha'awar da ke cikin zuciya, idan ita kaɗai aka dogara da ita.

Haka nan kuma, Albert Bandura ya bayyana a 1977 cewa ƙoƙarin mutum a kan wani aiki ya danganta da yadda ya amince zai iya aikin. Ya nuna cewa babbar hanyar samun wannan amincewa ita ce mutum ya gwada da kansa ya ga ya yi nasara, sa'an nan ganin wani irinsa ya yi nasara, sa'an nan ƙarfafawar da yake ji daga bakin mutane. Ita kuwa Jacquelynne Eccles da abokan aikinta, a 1983, sun nuna cewa zaɓin darasi yana rataye ne a kan abubuwa biyu, watau tsammanin da ɗalibi ke yi na cin nasara a darasin, da kuma darajar da ya ga darasin ke da ita a gare shi. Idan ɗaya daga cikin biyun ya faɗi, ɗalibi yakan kauce.

Akwai wasu bincike biyu da ya kamata a ajiye kusa. Na farko shi ne wanda ake kira ROSE, wanda Svein Sjøberg na Jami'ar Oslo ya jagoranta a kan 'yan shekara goma sha biyar a ƙasashe da dama. An gano cewa matasan ƙasashe masu tasowa, har da na Afirka kamar Gana da Yuganda, sun fi na ƙasashe masu arziki nuna sha'awar kimiyya da son yin aiki a fanninta. Na biyu shi ne ASPIRES, wanda Louise Archer ta fara a Ingila a 2009. Ya nuna cewa yawancin yara 'yan shekara goma zuwa sha huɗu suna jin daɗin darasin kimiyya, amma kimanin kashi 15 cikin ɗari ne kawai ke burin zama masana kimiyya. Ke nan jin daɗin darasi daban, ganin kai a cikinsa daban.

3.0 Tushen Matsalar a Arewa da Matakin da Kano ta Ɗauka

Ilmin boko ya shigo Arewa a makare, kuma da manufa taƙaitacciya. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, sun fi mai da hankali ga samar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e. Saboda haka har aka sami mulkin kai a 1960, likitoci da injiniyoyi 'yan asalin Arewa ƙalilan ne. Da aka ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a 1967, sai kowace jiha ta ga tsiraicinta. Jihar Kano, duk da yawan jama'arta da bunƙasar kasuwancinta, ta dogara ƙwarai da ƙwararru 'yan ƙasashen waje a asibitoci da ma'aikatar ayyuka da ajujuwan kimiyya.

A 1977, zamanin mulkin Kanar Sani Bello, Gwamnatin Jihar Kano ta kafa hukuma ta musamman don kula da makarantun sakandare na kimiyya, aka kuma fara da makarantu biyu na maza, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Tsarin da aka bi shi ne, a yi wa ɗaliban da suka gama aji biyu a sauran makarantun jihar jarrabawar tantancewa, waɗanda suka ci a kai su waɗannan makarantu na kwana su yi shekara uku suna karatun kimiyya. Rukunin farko ya fita a 1980. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, garin da ya koma Jihar Jigawa bayan ƙirƙiro ta a 1991. Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin shekaru goma na farko na waɗannan makarantu a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a 1988.

Wannan mataki ya zo daidai da wasu sauye-sauye na ƙasa baki ɗaya. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, a 1977 aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa jami'o'i burin ba fannin kimiyya kashi 60 cikin ɗari na guraben karatu, sauran fannoni kashi 40. Sai dai ware gurbi a jami'a ba ya haifar da ɗalibin da zai cike shi. Abin da Kano ta gane shi ne, dole a koma baya a kama yaro tun a sakandare, domin masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin lura a nan shi ne, yaran da aka kai Dawakin Kudu da Dawakin Tofa daga cikin makarantun jihar aka tsamo su. Suna nan tun da farko, da basirarsu da sha'awarsu. Abin da ya sauya shi ne muhallin da aka sa su, watau an ware musu malamai da ɗakunan gwaje-gwaje, an tara su da sa'o'insu masu buri iri ɗaya, an kuma nuna musu hanya miƙaƙƙiya zuwa jami'a. A shekarun da suka biyo baya, waɗannan makarantu sun zama babbar mashigar 'yan Kano da Jigawa zuwa karatun likita da injiniya da sauran fannonin kimiyya.

4.0 Abubuwan da ke Jan Ɗalibi

4.1 Aiki da Daraja

Ba a musun cewa dalilin da ya fi fitowa fili shi ne tunanin abin yi bayan karatu. A idon jama'a likita da injiniya suna da wata daraja ta daban, kuma laƙabin "Dakta" ko "Injiniya" yakan bi mutum har gida. Ban da wannan, cin jarrabawar shiga makarantar kimiyya shi kansa abin alfahari ne ga yaro da iyayensa, domin shaida ce cewa an zaɓe shi daga cikin dubbai.

Wannan kwaɗayi yana da amfani, amma yana da illa guda biyu. Ta farko, yakan ƙuntata kimiyya ta koma sana'o'i biyu ko uku kawai. Guraben karatun likita kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema, don haka ɗalibin da bai samu ba aka tura shi sashen lissafi, ko fizis, ko aikin gona, ko koyarwa, yakan shiga da karyayyar zuciya, alhali kuwa daga waɗannan sassa ne malaman kimiyya na gobe za su fito. Ta biyu, yakan sa a raina ilmin fasaha na aikin hannu, a ɗauki makarantar koyon sana'a a matsayin mafakar wanda ya kāsa, ko da yake asibiti ba ya tafiya ba tare da mai gwajin jini da mai gyaran na'ura ba.

4.2 Gida da Abin Koyi

Abin da binciken ASPIRES ya ƙara nunawa shi ne, yaron da ke da wani na kusa mai aikin kimiyya, ko wanda ake hirar kimiyya a gidansu, ya fi saurin ganin kansa a wannan fanni. A ƙasar Hausa ta shekarun 1970 irin waɗannan gidaje kaɗan ne, shi ya sa sunayen mutane irin su Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, da Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya, suke da nauyi, domin sun tabbatar wa yaro cewa ɗan Arewa yana iya kaiwa ƙololuwa. A baya-bayan nan akwai Jelani Aliyu, wanda ya yi sakandare a Sakkwato, ya kuma yi suna wajen zayyana motoci a kamfanin General Motors na Amurka.

Duk da haka, abin koyi na kusa ya fi na nesa tasiri. Ɗalibin da ya ga yayansa, ko ɗan unguwarsu, ya fita daga makarantar kimiyya ya shiga jami'a, ya fi gaskata cewa shi ma zai iya. Wannan na daga cikin ribar da makarantun Kano suka samar ba tare da an rubuta ta a takarda ba, domin kowane rukuni da ya fita ya zama madubi ga na bayansa. Haka kuma tarihi yana da nasa taimako. Muhammadu ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan lissafin hatimi, watau jera lambobi a gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Sanin irin wannan yakan kawar da zaton cewa lissafi baƙon abu ne a ƙasar Hausa.

Amma akwai bambanci tsakanin ƙarfafawa da tilastawa. Uban da ya ɗora wa ɗansa ajin kimiyya don a ce gidansa ya fitar da likita, ba tare da duba inda basirar yaron ta karkata ba, yana iya jawo masa asarar shekaru uku da faɗuwa a jarrabawar WAEC ko NECO, da kuma zaton cewa shi daƙiƙi ne, alhali da an bar shi a wani fanni da ya yi fice.

4.3 Malami da Ɗakin Gwaje-gwaje

A nan ne kwaɗayi na ciki ke tsira ko ya mutu. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma kimiyya ilmi ne na gani da taɓawa da aunawa. Ɗalibin da aka ba alli da allo kaɗai, aka ce ya haddace abin da zai faru idan an haɗa sinadari kaza da kaza, ba ya samun nasarar hannu da Bandura ya ce ita ce tushen amincewa da kai. Tarihin tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982, ya isa ishara. An sayo injunan koyar da gabatarwar fasaha daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu, amma da yawa daga cikinsu suka lalace a cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da ɗakin aiki da malaman da suka san yadda ake sarrafa su. Kayan aiki ba sa koyarwa sai da malami.

Malami mai hikima kuwa ba ya rasa abin gwaji, domin ƙasar Hausa cike take da shi. Ruwan zoɓo yakan ƙara ja idan an ɗiga masa lemon tsami, ya kuma rikiɗe zuwa duhu mai kore-kore idan an sa masa kanwa, wanda shi ne ainihin aikin da takardar gwajin sinadari ke yi a ɗakin gwaje-gwaje. A marinar Ƙofar Mata, zanen da aka tsamo daga ramin baba yakan fito da kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, saboda haɗuwar rinin da iskar da ake shaƙa. Randa tana sanyaya ruwa ne domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. A kan wannan ƙa'ida ce Muhammad Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Yaron da aka nuna wa haka ya gane cewa kimiyya bayani ce a kan abin da ke tsakar gidansu.

Lokacin da ake yin wannan ma yana da muhimmanci. Robert Tai da abokan aikinsa sun wallafa a 2006 cewa, a Amurka, yaran da tun suna kimanin shekara goma sha huɗu suke burin aikin kimiyya sun fi sauran samun digiri a fannin daga baya. Wannan ya nuna cewa ƙaramar sakandare, kafin a raba ajujuwa, ita ce fagen da ya fi bukatar ƙwararren malami.

4.4 Harshen Koyarwa

Ɗalibi Bahaushe yana ɗauke da kaya biyu a ajin kimiyya, domin yana fama da sabon tunani, yana kuma fama da baƙon harshen da aka naɗe tunanin a ciki. Idan bai gane ba, da wuya ya san ko darasin ne ya fi ƙarfinsa ko Ingilishin, sai ya yanke hukunci cewa ba shi da kan kimiyya. Shirin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, ban da darasin Ingilishi, ya nuna cewa yaran ba su koma baya ba, har ma sun yi zarra a kan takwarorinsu a fannoni da dama.

A nan aiki ya faɗo kan masu nazarin Hausa, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Kalmar "zafi" a maganar yau da kullum tana ɗauke da ma'anoni biyu da fizis ya raba, watau abin da ke ratsawa daga wuta zuwa tukunya, da kuma matakin da ma'auni ke nunawa. Kalmar "nauyi" ta haɗa yawan abin da ke cikin jiki da kuma jan da ƙasa ke yi masa. Kalmar "ƙarfi" kuwa ta haɗa turawa ko ja, da makamashin da ke cikin mai ko batir, da saurin gudanar da aiki. Muddin ba a zauna an keɓe wa kowace ma'ana kalmarta ba, malamin da ya juya zuwa Hausa don ya taimaki ɗalibansa yana iya ƙara rikita su. Wannan aiki ne da sai masanin harshe da masanin kimiyya sun haɗa kai.

4.5 'Yan Mata

Dukan abubuwan da aka ambata sun shafi 'yan mata, amma su suna da ƙarin tambaya, watau ko za a bar su su kammala. Karatun likita shekara shida ne a jami'a, kuma yarinyar da ba ta da tabbacin goyon bayan iyaye, ko na miji idan aure ya zo, takan zaɓi gajeriyar hanya tun daga sakandare. A ɗaya gefen, bukatar da al'umma ke da ita ta mata likitoci da ungozoma da masu jinya, waɗanda za su duba 'yan'uwansu mata, hujja ce mai ƙarfi da iyaye ke saurara. Buɗe makarantar Taura a 1981 amsa ce ga wannan bukata, domin ta ba iyaye wurin da hankalinsu zai kwanta, ta kuma ba yarinya ajin da ba wanda zai ce mata lissafi na maza ne.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa ɗaliban sakandare ba su rasa sha'awar kimiyya da fasaha ba. Tunanin aiki da daraja da burin iyaye sukan tura su zuwa ajin kimiyya, amma wanda ya dawwama shi ne wanda ya gwada da hannunsa ya ga ya iya, ya fahimci darasi da harshen da yake tunani da shi, ya kuma ga wani irinsa da ya riga shi wucewa. Makarantun kimiyya na Kano sun nuna abin da kan faru idan aka tanadar wa zaɓaɓɓun yara waɗannan abubuwa. Sai dai zaɓaɓɓu ne, kuma mafi yawan ɗalibai suna sauran makarantu, inda ake raba ajujuwa kafin yaro ya taɓa riƙe kwalbar gwaji. Saboda haka ya kamata hukumomin ilmi su kai ƙwararrun malaman kimiyya ƙananan ajujuwa, su kuma samar da masu ba da shawara da za su nuna wa yara da iyayensu faɗin sana'o'in wannan fanni. Su kuma sassan Hausa na jami'o'i, nauyin da ke kansu shi ne daidaita kalmomin kimiyya da rubuta littattafan da yaron ƙaramar sakandare zai karanta ya gane.